Tambaya da Amsa: Yoga a ɗaki mai zafi na taimakon ɗan wasa?

Tambaya: Likita, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne a Kano. Na ji 'yan wasan Turai na yin yoga a ɗakin da aka ɗumama. Shin tana ƙara ƙwazo a fili?

Amsa: Ɗan'uwa, yoga, wato atisayen miƙe jiki da sarrafa numfashi, tana da amfani, amma bai kai yadda ake kururutawa ba.

Wadda ta fi shahara ita ce ta Bikram Choudhury, ɗan Indiya da ya yaɗa ta a Amurka a shekarun 1970. Minti 90 ake yi, da salon miƙe jiki 26 da na numfashi 2, a ɗaki mai zafin digiri 40. Andy Murray, gwanin tanis ɗin Birtaniya, yana cikin waɗanda suka yi ta.

A 2013, masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado sun gwada matasa na tsawon mako 8. Bayansu, kafaɗunsu da tsokar bayan cinya sun ƙara laushi, ƙarfin ɗaga nauyi daga ƙasa ma ya ƙaru. Amma juriyar zuciya da huhu ba ta canza ba. Wannan fa shi ne abin da nake so ka riƙe: yoga za ta sassauta maka jiki, amma ba ita za ta ba ka numfashin da za ka kai minti 90 kana gudu ba. Wannan sai atisayen gudu.

Zafin kuma fa? Idan mutum ya yi kwana 10 zuwa 14 yana motsa jiki cikin zafi, ruwan jininsa na ƙaruwa, gumi na saurin fitowa, gishirin da ke fita a gumin na raguwa, bugun zuciya na sauka. Ɗan wasan Ingila da zai je buga gasa a ƙasa mai zafi yana buƙatar haka. Kai da kake atisaye a Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, jikinka ya riga ya saba. A ganina, miƙe jikin kake buƙata, kuma za ka iya yin sa a inuwa bayan atisaye, tsokarka na da ɗumi.

In har za ka shiga ɗakin, kada ka yi ana gobe wasa, kada ka yi da azumi ko zazzaɓi a jikinka. Ka auna kanka kafin shiga da bayan fitowa. Duk kilo 1 da ka rasa, ka mayar da ruwa kamar lita 1 da rabi, da ɗan gishiri a abinci. Zafi na ruɗar mutum ya miƙe fiye da kima har ya ji wa jijiya rauni, don haka ka tsaya inda ciwo ya fara. Jiri, tashin zuciya ko ciwon kai, ka fita nan take.

Ka kuma san nau'in ƙwayoyin jininka (genotype), wato ko AA ne, ko AS, ko SS. Mai AS ko sikila, zafi da ƙarancin ruwa na iya jefa shi cikin haɗari sosai, dole ya ga likita tukuna. Haka mai hawan jini ko ciwon zuciya.