Amsa ga ƙanwarmu mai son shiga binciken garkuwar jiki

Assalamu alaikum. Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki kafin in zauna rubuta amsa. Kin ce kin kammala digirin farko a fannin sinadaran jikin halittu, kuma yayarki ta yi shekara huɗu tana fama da cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi mai ita, don haka kike son sanin ko mutum zai iya mai da binciken irin waɗannan cututtuka aikin rayuwarsa, ko sai ya zama likita tukuna, da kuma tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a ga amfanin aikin. Allah ya ba yayarki lafiya. Ni na shekara goma sha bakwai a ɗakin gwaje-gwaje ina aiki a kan cututtukan da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi mai ita, kuma abin da zan faɗa miki shi ne abin da na so a ce wani ya faɗa mini tun farko.

Zan fara da maganar lokaci, domin a nan ne yawancin masu shigowa da zafinsu suke karaya, kuma zan kawo rayuwar mutum ɗaya da na fi yawan tunawa da shi. Noel Rose matashi ne da bai daɗe da gama digiri na uku ba lokacin da ya isa Jami'ar Buffalo a Amurka a 1951, ya kama aiki ƙarƙashin Ernest Witebsky. A wancan zamani kusan kowa ya yarda cewa jiki ba ya ƙera makami a kan kansa. Ana jingina wannan ra'ayi ga Paul Ehrlich na Jamus tun farkon ƙarni na 20, ko da yake in an yi masa adalci abin da ya nufa shi ne cewa jiki yana da dabarun hana hakan faruwa, waɗanda suka zo bayansa ne suka mai da maganar doka. Witebsky kansa daga wannan makaranta ya fito, domin malaminsa Hans Sachs almajirin Ehrlich ne. Rose ya ɗebi wani furotin mai suna tayiroglobulin daga ƙullin tayirod da ke wuyan zomo, ya haɗa shi da sinadarin da ke zaburar da garkuwa, ya yi wa zomon allura da shi. Sai zomon ya samar da antibodi, wato makamin da garkuwa ke ƙerawa don kama baƙon abu, a kan furotin ɗin jikinsa, ragowar tayirod ɗinsa kuma ya kumbura ya lalace. Malaminsa bai gamsu ba, ya sa shi ya maimaita gwajin, ya sake maimaitawa, sai a 1956 aka buga sakamakon. A wannan shekarar ce kuma Ivan Roitt da Deborah Doniach a Landan suka gano irin wannan antibodi a jinin masu cutar Hashimoto mai kumbura tayirod, wato abin da aka gani a zomo sai ga shi a jikin mutum. Rose ya ci gaba da aiki a kan wannan tambaya ɗaya, daga tayirod zuwa kumburin tsokar zuciya, har ya rasu a 2020 yana da shekara 92.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi shi ne shekarun maimaitawar. Mutane da yawa suna ba da labarin kamar Witebsky ya tsaya wa matashi a hanya ne, amma ni ina ganin alheri ya yi masa, domin da an buga sakamakon tun gwajin farko, da masu shakka sun sami ƙofar rushe shi. Garkuwar jiki abu ce mai saurin motsi, ƙaramin gurɓata yana tayar da ita, kuma mai bincike yana iya ganin abin da zuciyarsa take so ya gani.

Na koyi wannan da wahala. A shekarata ta biyu ta digiri na uku na ga wani furotin da muke zargi yana tayar da fararen ƙwayoyin jinin marasa lafiya, suna fitar da sinadaran kumburi masu yawa. Wata goma sha ɗaya na yi ina gini a kan wannan sakamako, har na fara rubuta takarda. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwajinmu, wadda ba ta da digiri na uku amma ta fi mu duka sanin aiki, ta tambaye ni ko na dafa furotin ɗin na sake gwadawa. Zafi yana lalata furotin, amma ba ya lalata gubar da ke fitowa daga bangon ƙwayoyin bakteriya. Na dafa, na zuba, ƙwayoyin suka tashi kamar yadda suka saba. Ashe kwalbar da muka saya ce ta gurɓata da wannan guba, kuma ita ce ke yin duk abin da na ɗauka furotin ɗin ke yi. Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye miki ba. Amma tun daga lokacin ban sake fara gwaji ba sai na fara rubuta duk hanyoyin da sakamakon zai iya zama ƙarya, sannan in tanadi samfurin kwatanci ga kowace hanya. Idan kin ji a ranki za ki iya son wannan ɓangaren na aikin, wato neman kuskurenki da kanki kafin wani ya gano shi, to fannin zai karɓe ki.

Akwai kuma haƙurin da ake yi da shakkar mutane. A shekarun 1970 an yi ta maganar wasu ƙwayoyin T, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, masu danne garkuwa, sai a shekarun 1980 hujjojin da aka dogara da su suka rushe, har ya zama mai ambaton batun ana kallonsa da rauni. Shimon Sakaguchi na Japan bai saki ba, domin ya ga cewa ɓeran da aka cire wa ƙullin taimus, inda ƙwayoyin T ke girma, kwana uku bayan haihuwa yana tashi da cututtukan garkuwa iri-iri, kuma dole akwai abin da aka raba shi da shi. A 1995 ya nuna rukunin ƙwayoyin T masu ɗauke da alamar CD25 waɗanda aikinsu tsawatar wa sauran ne. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon Foxp3 a wasu ɓeraye da garkuwarsu ke hallaka su tun suna ƙanana, aka kuma gane cewa lalacewarta ce ke jawo cutar IPEX, wata mummunar cutar garkuwa, ga yara. A 2003 Sakaguchi ya nuna cewa Foxp3 ce ke tsara waɗancan ƙwayoyi nasa. Lambar yabo ta Nobel ta zo musu su uku a 2025, shekara talatin bayan takardar 1995.

Kada wannan ya sa ki ɗauka cewa marasa lafiya ba sa ganin komai sai bayan ƙarni. Cututtukan da garkuwa ke yaƙar mai ita sun haura tamanin, kuma na ga sauyi da idona. Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan sun nazarci ƙwayoyin da aka ciro daga gaɓɓan masu amosanin rumatoyid, suka gane cewa sinadarin TNF ne ke jagorantar sauran sinadaran kumburi, kuma a 1992 suka gwada toshe shi a jikin marasa lafiya. Yau miliyoyin mutane suna amfani da magungunan da suka fito daga wannan tunani. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da teplizumab, wanda ke jinkirta bayyanar ciwon suga nau'i na ɗaya da kimanin shekara biyu ga waɗanda ke dab da kamuwa. Ita lufus ta fi taurin kai. Sai a 2011 aka amince da belimumab, bayan fiye da shekara hamsin ba a sami sabon magani da aka yi dominta ba. Daga 2021 kuma ƙungiyar Georg Schett a Erlangen ta Jamus ta fara sarrafa ƙwayoyin T na mara lafiya domin su share ƙwayoyin B masu ƙera antibodin ɓarna, cutar ta lafa ga mutanen farko da aka yi wa har suka ajiye magani. Adadinsu kaɗan ne, hanyar tana da tsada da haɗari, kuma ina roƙonki kada ki kai wa yayarki wannan a matsayin alkawari. Ta riƙe maganin da likitanta ya ɗora ta a kai.

Lufus tana da wuyar bincike saboda ba ta zuwa da fuska ɗaya. Wata ƙodarta take ci, wata fata da gaɓɓai, wata jini, kuma tana tashi ta kwanta ba tare da sanarwa ba. Cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, kuma har yanzu ana aiki a kan rawar da homon da kuma kromosom X ke takawa a wannan bambanci. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya yi amfani da jinin sojojin Amurka da aka adana, ya nuna cewa antibodin lufus suna bayyana a jini shekaru kafin mutum ya ji ciwo. A ɗaya gefen kuma, akwai masu ƙoshin lafiya da yawa da gwajin ANA, mai neman irin wannan antibodi a jini, ke nuna suna da shi, amma har abada ba sa kamuwa. Me ke tura wani ya faɗa, wani ya tsira? A ra'ayina wannan tazara tsakanin bayyanar antibodi da bayyanar cuta ita ce wuri mafi daraja da matashi zai zuba shekarunsa a yau.

Game da zama likita, amsar ita ce ba dole ba ne. Roitt masanin sinadarai ne, Doniach kuma likita, kuma haɗuwarsu ce ta haifar da aikin. Rose da digiri na uku ya yi gwajin zomo, sai daga baya ya karanci likitanci yana cikin aiki. Ni ba likita ba ne, amma na gane cewa mai binciken da bai taɓa zama a asibiti ya saurari mai lufus tana bayanin gajiyarta ba, yakan yi tambayoyin da ɓera kawai suke amfana. Ki nemi ɗakin gwajin da ke da alaƙa ta gaske da likitocin gaɓɓai ko na ƙoda, inda jinin marasa lafiya ke zuwa da izininsu da cikakken tarihinsu.

Hanyar ita ce digiri na biyu, sannan na uku mai ɗaukar shekara uku zuwa shida gwargwadon ƙasa, sannan wasu shekaru na aiki ƙarƙashin wani kafin ki tsaya da ƙafarki. Neman tallafin bincike zai ci lokacinki fiye da yadda kike zato, kuma ƙin amincewa ya fi amincewa yawa. Ki ɗauki ƙididdiga da rubuta umarnin kwamfuta da muhimmanci tun yanzu, domin na'urorin yau suna karanta dubban ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda bai iya tace bayanan da kansa ba yana dogara ne da idon wani. Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinki, kada sunansa ya ruɗe ki. Ki nemi tsofaffin ɗalibansa ki tambaye su yadda yake yi idan gwaji ya ƙi, da ko yana zama ya duba ainihin bayanan da aka samu kafin a zana su.

Abu na ƙarshe ya shafi yayarki. Na yi aiki da mutane da dama da ciwon wani nasu ya kawo su fannin, kuma sukan fi kowa juriya, amma na ga wasu sun jikkata saboda kowane gwajin da ya ƙi sai su ji kamar sun ci amanar ɗan'uwansu. Kafin ki nemi gurbin karatu, ki samu wata shida ki yi aikin sa kai a wani ɗakin gwaji, ki raba jini, ki ƙirga ƙwayoyi, ki cika littafin aiki kullum. Idan watannin sun cika ki dawo ki gaya mana abin da kika gani, ni kuma in sha Allahu zan taimaka miki wajen duba takardar neman gurbin.