Maigidana ya bugu a kai, dangi sun cika mana kan firij da kwalaben bitamin

Assalamu alaikum Anti, ya ƙoƙari, dan Allah ki ɓoye sunana. Daga Tudun Jukun nake nan Zariya. Maigidana tela ne, yau wata huɗu kenan da ya yi haɗari a babur wajen Kwangila yana dawowa daga kasuwar Sabon Gari sayen zare, kansa ya bugu da kwalta, muka je asibitin Shika aka ce jini ya taru masa a cikin kai aka yi masa aiki, sati uku muka yi a can. Alhamdulillah yanzu yana tafiya da ƙafarsa yana gane kowa, amma Anti wallahi kamar ba shi ba, mutumin da zai auna mutum biyar bai rubuta ba kuma ya ɗinka ma kowa daidai, yanzu sai ki ganshi da tef a wuya yana tambayata ina na ajiye masa tef. Ga saurin fushi ga ciwon kai da yamma. Sun ɗora shi a kan fenitoyin saboda ya taɓa yin jijjiga sau ɗaya muna asibiti.

To matsalar tawa ƴan dubiya ne, kowa ya zo da nashi maganin. Yayarsa ta kawo ginko wai na tuna abu ne, da bitamin E, da haɗin bitamin B, da zink, Hajiyarsu ta kawo zuma da habbatus sauda, jiya na ƙirga kwalabe 9 a kan firij. Yanzu kuma wata a gurup ɗinmu na WhatsApp tana tallan wani saflimen, wato maganin ƙarin gina jiki, na naira dubu 85 na wata ɗaya wai yana gina ƙwaƙwalwa ta dawo sabuwa, Yaya ta ce a sayar da keken ɗinkinsa ɗaya a saya. Da na ce a bari mu tambayi likita sai ta ce ko dai bana son ya warke ne. Na kwana ina kuka. Anti wanne zan bashi wanne zan bari?

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya bashi lafiya, ke kuma sannu da jinya.

Kafin komai, ki sauke kwalbar ginkon nan ki ɓoye yau ɗin nan. Ginko yana sa jini ya yi jinkirin daskarewa, kuma an san yana iya tayar da jijjiga, to ki duba mijinki, jini ne ya taru masa a kai kuma ya taɓa jijjiga, kin ga duk abu biyun da ake gudu a jikinsa su ne a cikin kwalbar nan. Bitamin E ɗin ma ki haɗa da shi, in aka sha mai yawa shi ma yana ƙara haɗarin zubar jini.

Batun na dubu 85 kuwa, kar a sayar da keke. Har yau babu wani bitamin ko saflimen da aka tabbatar yana gyara ƙwaƙwalwar ɗan adam bayan rauni. Ana ta bincike kam, omega 3, wato man da ake samu a jikin kifi, ya nuna alamun kirki a jikin ɓeraye amma a mutane ba a kai ga tabbas ba, sinadarin maganiziyam kuwa an gwada shi a Amurka a kan masu rauni a kai, sakamakon ya fito a 2007, bai taimaka musu ba duk da an sa masa rai sosai. Abin da likitocin duniya ba su samu ba ba zai ɓulla a gurup ɗin WhatsApp ba. Kuma ko ta nuna miki lambar NAFDAC a jikin kwalin, lambar rajista ce, ba shaidar yana warkar da rauni a kai ba ce.

Amfanin bitamin shi ne cike gurbin abin da jiki ya rasa, shi ya sa ake fara gwajin jini. In kun koma ganin likita ki roƙa a duba masa yawan jini tunda ya yi aiki ya zubar, da bitamin B12 da folik asid (shi ma wani bitamin B ne) da bitamin D in ana yi kuma aljihu zai ɗauka. Ina da dalilin lissafa waɗannan. Fenitoyin in aka daɗe ana sha yana rage folik asid da bitamin D a jiki, amma kuma ga abin da yawancin mutane ba su sani ba, in kika sayo folik asid da kanki kika dinga bashi zai iya rage ƙarfin fenitoyin ɗin a jininsa har jijjigar ta dawo. Haɗin bitamin B ɗin Yaya sau da yawa akwai folik asid a ciki. Haka kalsiyam da ruwan maganin olsa suna hana jiki ɗaukar fenitoyin yadda ya kamata in aka sha su tare. Shi fenitoyin ɗin kuma kar wanda ya sa ku daina shi rana ɗaya wai an samu na gargajiya, likitan da ya ɗora shi shi zai sauke.

Sannan kwalabe 9, ki juya bayansu ki karanta, za ki ga abu ɗaya ya maimaitu a uku ko huɗu. Bitamin B6 in ya yi yawa na tsawon lokaci jijiya yake lalatawa, ƙafa da hannu su dinga ɗaukar mutum kamar ana tsira allura, a Amurka iyakar babba miligiram 100 ne a rana. Zink iyakarsa miligiram 40. Bitamin A kuwa taruwa yake a hanta, in ya yi yawa ciwon kai yake sawa, mutumin da dama da ciwon kai yake kwana.

Zumar Hajiya a bar ta, albarka ce in dai ba shi da suga, habbatus saudar ma kaɗan ba cokali cokali ba, ki dai faɗa ma likita yana sha.

Kuɗin nan ki kai su tukunya. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba amma tana cin wajen kashi 20 na kuzarinsa, ga rauni kuma yana neman abin gina jiki. Ƙwai, wake, awara, nono, kunun gyaɗa, kwaɗon zogale, hanta sau ɗaya a sati, kifi taitus ko sadin sau biyu a sati, wannan shi ne omega 3 ɗin da ake sa ma tsada a kwalba. Ya samu barci isasshe, ya ɗan zauna a hantsi. Mantuwa da fushin nan daga raunin suke ba daga halinsa ba, suna sauƙi a hankali cikin watanni wani lokaci har shekara da ɗoriya, ki sai masa ɗan littafi ya dinga rubuta awo, ki tambaya a Shika ko zai samu masu fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki, da mai tsara abinci. In kika ga amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barcin da ba ya tasuwa, ko gefe ɗaya ya saki, ko jijjiga, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.

Yaya kuwa kar ki ja da ita, tsoro ne ke cinta kamar yadda yake cinki, kuma a gidan miji "a'a" ɗinki ba ta da nauyin ta likita. Ranar asibiti ki zuba kwalaben nan duka a leda, ki ce Yaya dan Allah raka ni ke kin fi ni iya bayani, ki bari ita da hannunta ta jera su a kan tebur ɗin likita.