Tambaya da Amsa: Raguwar darajar kadara bayan sauya manhajar lissafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ke riƙe da littattafan kuɗi na wani ƙaramin gidan buga takardu a Kakuri. A watan Janairun 2021 mun sayi janareta a kan naira miliyan 6, muka ƙiyasta zai yi shekara biyar yana aiki, saboda haka kowane wata muna cire naira 100,000 a matsayin raguwar darajarsa. A farkon 2024 muka koma wata sabuwar manhajar lissafi, sai ga shi tana cire naira 40,000 kacal. Maigidan ya ji daɗi ganin riba ta ƙaru, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Wanne ne daidai?
Malama H., Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Lissafinki na farko shi ne daidai, kuma alƙaluman da kika kawo sun nuna inda matsalar take. Daga Janairun 2021 zuwa Disambar 2023 kun cire naira miliyan 3.6, abin da ya rage na darajar janaretan a littafi shi ne miliyan 2.4. Idan aka raba wannan ragowar a kan wata 60, amsar ita ce 40,000 cif. Ke nan wanda ya shigar da bayanai ya rubuta ragowar a gurbin kuɗin saye, ya sa ranar sauya manhaja a gurbin ranar saye, manhajar kuma ta ɗauki injin a matsayin sabo ta sake ƙirga masa shekara biyar, kamar yaron da ya kai aji huɗu aka canza masa makaranta aka mayar da shi aji ɗaya. Ribar da maigida yake murna da ita, naira 720,000 a shekara, a takarda kawai take.

Gyaran yana farawa ne daga rajistar kadarori. Ki ɗauko rasit ɗin saye da rahoton ƙarshe na tsohuwar manhaja, ki buɗe shafin janaretan, ki tabbatar an rubuta asalin kuɗinsa miliyan 6, da ainihin ranar da ya fara aiki, da jimillar abin da aka riga aka cire, wato miliyan 3.6, a gurbinta na daban. Idan manhajar ba ta da wannan gurbi, to ki bar miliyan 2.4 ɗin, amma ki rage wa'adin zuwa wata 24, sai lissafin ya dawo 100,000. Giɓin 60,000 na kowane watan da ya wuce kuma sai a cike shi da shigarwar gyara guda ɗaya. In har an riga an rufe littafin shekarar an sa masa hannu, ki tuntuɓi mai binciken kuɗinku kafin ki taɓa komai.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Da zarar an sa tsohuwar ranar saye, wasu manhajojin kan lissafa raguwar shekarun baya da kansu su zuba ta cikin babban littafi, wato littafin da ke tattara dukkan asusun kamfani, alhali an riga an shigar da ita a cikin alƙaluman buɗe littafi, sai ta zama ninki biyu. Saboda haka ki gwada jimillar rajistar kadarori da ta babban littafi a ranar 31 ga Disamba, 2023, kuma kada ki wuce wurin sai sun zo daidai. Haka za ki bi injin buga takardu da motar kai kaya ɗaya bayan ɗaya, domin da wuya kuskuren ya tsaya a kan janareta kaɗai.

Idan maigida yana ganin janaretan zai wuce shekara biyar, ƙa'idojin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su a 2012, sun yarda a sake ƙiyasi, amma sabon ƙiyasin gaba yake shafa, ba ya komawa baya. Da a farkon 2024 makanike ya tabbatar cewa saura shekara huɗu, da sai a raba miliyan 2.4 a kan wata 48, ya zama 50,000, a kuma ajiye hujjar a rubuce.

Game da haraji kuwa, hukuma ba ta karɓar wannan raguwa a matsayin abin cirewa daga riba, tana da nata rangwamen a kan kuɗin sayen kadara mai ƙa'idarsa daban, don haka ki ware masa jadawalinsa, wanda shi ma a kan asalin miliyan 6 ake gina shi.