Haihuwar ƙananan mata tana raguwa, amma ba a ko'ina ba

Ƙanwata, kin tambaya ko da gaske ne haihuwa tana raguwa tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya, tunda ke a garinku kullum yarinya da goyo kike gani. Na daɗe ina aikin ungozoma a asibitocin karkara, kuma ina gaya miki, abin da kika ji gaskiya ne, abin da idonki yake gani ma haka.

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu, wato NDHS, ya nuna cewa a 1990, kashi 28 cikin 100 na 'yan matan wannan shekarun sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A 2008 da 2013 ya tsaya a kashi 23, a 2018 ya sauko zuwa 19. To amma wannan lissafin ƙasa baki ɗaya ne. A binciken 2018 ɗin, birane kashi 8 ne, karkara 27. Jihar Legas kashi 1, Bauchi 41. Ga kuma jama'a na ƙaruwa kowace shekara, don haka ko kason ya sauka, layin ranar awo ba ya gajarta. Shi ya sa ba ki ga sauƙin ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar makaranta. Cikin waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, kashi 44 ne suka fara haihuwa, waɗanda suka wuce sakandare kuwa kusan kashi 1. Tun kafin in ga wannan a rubuce na san shi a ɗakin haihuwa. Yarinyar da ta samu ta tsallaka babbar sakandare, da wuya ki gan ta da katin awo kafin ta kai 18. Wadda aka cire bayan firamare, ba a jimawa ake kawo ta, ga uwar miji a gefe tana amsa tambayoyin da aka yi wa yarinyar.

Kada a yi saurin zagin iyaye. A Arewa galibin waɗannan haihuwa cikin aure ake yinsu, kuma uba yakan aurar da 'yarsa ne saboda yana ganin nan ne mutuncinta zai tsira. Na zauna da iyaye maza da yawa, ba ilimi suke ƙi ba. Makarantar ce da nisa, babu malama mace, babu banɗaki, ga kuɗin littafi da kayan makaranta. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, wa zai ga laifin wanda ya ji tsoron tura 'yarsa makarantar kwana? Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta sa 18 a matsayin shekarun aure, amma ni dai ban taɓa ganin doka ta hana ɗaurin aure a ƙauye ba. Sakandare a kusa da gida na ga ta jinkirta shi.

Sannan lissafin yakan haɗa 'yar 15 da 'yar 19 wuri ɗaya, alhali a wurinmu ba ɗaya suke ba. Ƙaramar ita ce ƙugunta bai gama buɗewa ba, ita ce ke faɗawa doguwar naƙuda, da jijjiga, da ƙarancin jini. Idan aka bar ta ta kwana biyu tana naƙuda a gida, sai a rasa jaririn, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, a ƙare a asibitin Babbar Ruga ta Katsina neman gyara. Wasu ma mijin ya sake su kafin a sallame su. Wannan yana ci mini rai har yau.

Idan akwai wadda aka riga aka aurar a danginku, ki nemi mijin da uwarsa, don su ke yanke magana. Ta fara awo da wuri, ta sha maganin ƙarin jini, a tanadi kuɗin mota tun cikin bai tsufa ba, ta haihu a asibiti. Bayan haihuwa a ba ta tazarar akalla shekara biyu, kuma in da hali ta koma aji, ko da na yaƙi da jahilci ne.