Tafiyar Awa Ɗaya A Jirgi Daga Legas Zuwa Accra: Akwai Ƙasaru?

Tambaya: Malam, ina zaune a Agege, nakan je Accra saro kaya a jirgin sama, in kwana biyu in dawo. Nakan yi ƙasaru tun daga filin jirgin Ikeja. Wani abokina ya ce tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba babu ƙasaru a cikinta, tunda babu wahala. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillah. Ƙasarunka a Accra daidai ne, kuma sunna ce mai ƙarfi. Tsakanin Legas da Accra kusan kilomita 400 ne ta sama, ma'aunin nisan ƙasaru kuwa barida 4 ne, wato mil 48, kimanin kilomita 80.

Maganar abokinka ta yaɗu a bakin mutane, kuma ba ta da ƙarfi. Shari'a ta rataya rangwamen a kan tafiya, domin wahala ba ta da ma'auni: abin da ya gajiyar da tsoho bai gajiyar da saurayi ba. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ya fi ka jigata nesa ba kusa ba, amma babu malamin da ya ce ya yi Azahar raka'a biyu. Idan abokinka ya kafa hujja da cewa magabata sun ce tafiyar yini biyu, to da tafiyar raƙumi mai kaya suke auna nisan ƙasa, kuma malaman fiƙihu sun faɗa ƙarara cewa ko an yanke nisan cikin ƙiftawar ido hukuncin yana nan. Ibn Abbas ya auna shi da wurare, kamar Makka zuwa Jidda ko Ɗa'ifa. Sayyidina Umar ma ya taɓa mamakin ƙasaru bayan tsoron maƙiya da ayar ƙasaru ta ambata ya gushe, sai Annabi (SAW) ya ce masa sadaka ce Allah Ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Muslim ne ya ruwaito. Ka gaya wa abokinka haka cikin laushi, ga alama tsantseni ne ya sa shi.

Inda gyara yake shi ne abin da ka ambata a wuce: Ikeja. Matafiyi ba ya fara ƙasaru sai ya bar gidajen gari, filin jirgin Murtala Muhammed kuwa gari ya kewaye shi. Kana ɗakin jira, mazauni ne kai, ko da an buga maka hatimi a fasfo. Ka kirdadi sallolin da ka yi raka'a biyu a can, ka rama su huɗu-huɗu. Haka in ka dawo, da saukarka hukuncin tafiya ya ƙare.

Kwana biyu ba ya yanke ƙasaru. Ranar da ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, sai ka cika. In ka bi limamin gari a unguwar Nima ta Accra, ka cika tare da shi.

Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, saboda haka ka bi lokacin sallar inda ka sauka. Tafiyar gajera ce, ba ka da uzurin yin farilla a zaune kan kujerar jirgi: ka yi kafin tashi ko bayan sauka. Sannan wajen canjin naira da sidi, a yi hannu da hannu, kada ka yarda da "karɓi yau, in turo gobe". Wallahu a'alam.