Tambaya da Amsa: Yadda Ake Shirya Kwaikwayon Yaƙin Hunturu Tsakanin Sojojin Sobiyet da na Jamus

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun likita a birnin Volgograd na ƙasar Rasha. Wasu abokan karatuna suna cikin wata ƙungiya ta masu sha'awar tarihin soja, kuma suna shirin kwaikwayon wani fagen daga na Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarshen watan Janairu, ɓangare ɗaya su yi shigar sojojin Rasha, ɗayan kuma shigar sojojin Jamus. Sun roƙe ni in shiga kwamitin shirye-shirye saboda ɗan sanin da nake da shi a kan taimakon gaggawa. Ban taɓa halartar irin wannan taro ba, kuma ba na son in karɓi aikin da ban san kansa ba. Ina roƙon a bayyana mini yadda ake shirya shi, da yadda ake gudanar da shi, da kuma inda hatsarinsa yake.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Shawarata ita ce ka karɓi wannan aiki, domin kujerar da suka ba ka ita ce mafi nauyi a kwamitin, ko da su kansu ba su ankara ba. A wannan fili harsasai ba su da kai, waɗanda suka faɗi kuma za su tashi su kakkaɓe jikinsu, amma sanyin da zai ratsa ƙasusuwan 'yan wasan shi ne ainihin irin wanda ya kashe dubban sojoji a wannan ƙasa, kuma babu yadda za a yi a kwaikwaye shi. Duk shirin da bai fara da lissafin sanyi ba ya bar gini tun ran zane.

Ba banza abokanka suka zaɓi ƙarshen Janairu ba. Garin da kake zaune shi ne Stalingrad kafin a sauya masa suna a 1961. A ranar 19 ga Nuwamba 1942 sojojin Sobiyet suka fara farmakin da ya yi wa Runduna ta Shida ta Jamus ƙawanya, a ranar 31 ga Janairu 1943 aka kama kwamandanta Friedrich Paulus a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na babban kantin garin, sannan ragowar suka miƙa wuya ranar 2 ga Fabrairu. Fursunonin da aka kama sun kai kimanin 91,000, kuma waɗanda suka koma gida da rai ba su wuce 6,000 ba. Haka nan masu irin wannan wasa a kewayen Mosko sukan kwaikwayi farmakin ramuwa na 5 ga Disamba 1941, na St. Petersburg, wadda a da ake kira Leningrad, kuma su tuna da karya ƙawanyar da aka yi wa birnin, wadda aka fara ɓula ta ranar 18 ga Janairu 1943, aka kawar da ita baki ɗaya ranar 27 ga Janairu 1944 bayan kwana 872.

Saboda haka aikin farko shi ne kwamiti ya tsayar da rana guda da wuri guda a cikin tarihi, domin daga nan ne sauran abubuwa suke fitowa. Sojan Sobiyet na hunturun 1941 ba ya ɗauke da igiyar muƙami a kafaɗa, alamarsa a wuyan riga take, sai a Janairun 1943 aka ba da umurnin dawo da alamar kafaɗa. Bajamushen da ya isa bakin Mosko a 1941 ya je ne da kayan bazara, da doguwar riga marar kauri da takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, wanda ƙarfensa yake jawo sanyi zuwa tafin ƙafa, har a Disamban shekarar gwamnatin Hitila ta shiga roƙon jama'a su ba da gudummawar tufafin sanyi. Rigar sanyi ta sojojin Jamus mai fuska biyu, fari da toka-toka, sai a hunturu na gaba aka raba musu ita. Bindiga mai jigida ta MG 42 ba ta da gurbi a fagen 1941, kamar yadda tankar T-34 mai babbar igwa ta milimita 85 ba ta da gurbi a Stalingrad, tun da sai a 1944 ta shiga yaƙi. Masu wannan sha'awa suna ɗaukar irin waɗannan bambance-bambance da matuƙar muhimmanci, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin idan shigar ta zama kame-kame, ɗan kallo zai koma gida da tarihin da ba a taɓa yi ba. Ka kuma tunatar da su cewa "ɓangaren Rasha" suna ne na saukaƙawa kawai. Rundunar Tarayyar Sobiyet ce, akwai 'yan Yukren da Kazak da Tatar da wasu al'ummomi masu yawa a cikinta, har ma rundunar Janar Panfilov da ta tsare hanyar Volokolamsk a yammacin Mosko a birnin Alma-Ata na Kazakistan aka haɗa ta. A gefen Jamus ma, a Stalingrad akwai sojojin Romaniya da Italiya da Hangari.

Sai maganar fili da izini. A nemi amincewar hukumar yankin da ta 'yan sanda a rubuce tun da sauran watanni, a sanar da su adadin makamai da irin abubuwan fashewa da za a yi amfani da su. Akwai wani abu da ya keɓanta da inda kake: ƙasar Volgograd da kewayenta har yau tana fitar da bama-baman da ba su tashi ba da ƙasusuwan sojoji, kuma ƙungiyoyin masu bincike suna tono su duk shekara. Kada a haƙa rami ko a hura wuta a filin da ƙwararrun masu kwance bam ba su bincika ba. Ramukan ɓuya kuwa tun da kaka ake haƙa su, domin da zarar ƙasa ta daskare, shebur ba ya cin ta.

Wasan iri biyu ne, kuma ya kamata ka san wanne abokanka suke nufi. Akwai na 'yan kallo, wanda ake rubuta masa tsari daki-daki, a san wanda zai fara harbi, da inda hayaƙi zai tashi, da lokacin da wani ɓangare zai ja da baya, tare da mai sharhi a lasifika yana bayyana wa jama'a abin da suke gani. Akwai kuma na tsakanin 'yan wasa kaɗai, inda ake ba kowane ɓangare manufa, kamar ƙwace gada ko riƙe ƙauye, alƙalai masu ɗaurin hannu mai launi suna bin su suna yanke wanda ya "mutu". Ga ƙungiyar da ba ta saba ba, na farkon ya fi sauƙin riƙewa, kuma a ganina kada artabun ya wuce minti 40. Ranar hunturu gajeriya ce, don haka a sa shi da tsakar rana, a bar isasshen haske na tattara kaya da ƙirga mutane. A ƙayyade adadin kowane ɓangare tun wajen rajista, a ba masu kai farmaki rinjaye, sannan kwamandojin ɓangarorin biyu su taka filin tare da ƙafafunsu kwana ɗaya kafin wasa.

Harsashin da ake harbawa albarushi ne kawai babu dalma, kamar dai abin da 'yan bindiga suke ɗurawa ranar hawan salla, amma wutar da take fita daga bakin bindiga tana iya makantar da mutum ko ta ƙona masa fuska idan yana kusa. Don haka da safe kowa ya shiga layi, ya buɗe bindigarsa, ko Mosin ce ko Mauser ko PPSh, ya zazzage jakarsa da aljihunsa a gaban mai bincike, kuma duk wanda aka samu da harsashi mai kai ko guda ɗaya ne ya bar filin nan take, ba tare da duba ko shi wane ne ba. Ba a saita mutum kai tsaye daga kusa, ba a kafa wuƙa a bakin bindiga yayin da ake cakuɗuwa, kuma ba a kusantar tanka ko mota mai tafiya sai da mai rakiya a ƙasa, saboda direban tanka ta ɗan ƙaramin tsaga yake kallo, ƙasa kuma tana da santsi. Abubuwan fashewa aikin mai lasisi ne shi kaɗai, a kewaye wurarensu da alama, a kuma cire daskararrun hoge daga kansu, domin idan suka tashi ba su da bambanci da duwatsu. A yi kalma guda ko busar usur guda wadda kowa ya san ma'anarta ita ce rauni na gaske, da jin ta kowa ya tsaya cak ya sauke bindiga.

Yanzu ga naka fagen. Mutumin da ya yi gudu cikin dusar ƙanƙara da doguwar rigar ulu da kaya a baya zai jiƙe sharkaf da gumi, sannan tsarin wasa ya ce ya faɗi ya kwanta a matsayin gawa. A wannan kwanciyar ce zafin jikinsa yake zurarewa cikin ƙasa, kuma da zarar ya sauka ƙasa da digiri 35, ka fi ni sanin abin da yake biyowa baya: karkarwa, da sarƙewar harshe, da ruɗewa, har mutum ya daina jin sanyin ya fara jin barci. Ka nemi a rubuta cikin doka cewa babu "gawar" da za ta wuce minti goma a kwance, a tsara masu ɗaukar majinyata su riƙa janye su a kan makara ko abin ja na kan ƙanƙara, wanda hakan ma yana ƙara wa wasan kama da gaskiya. Ka fi sa ido a kan ɓangaren Jamus, musamman idan shigar 1941 suka yi, saboda abokan wasansu suna sanye da hula mai rufe kunnuwa, da riga mai cushen auduga kamar lifidi, da takalmin valenki na dannannen gashin tumaki, su kuwa hular kwano ce ta ƙarfe a kansu da takalmi mai ƙusa. A bar su su sa tufafin ɗumi na zamani daga ciki inda ido ba ya gani, babu wani tarihi da ya kai a yanke wa saurayi yatsu saboda shi. Sojan Sobiyet kuwa ba safa yake sawa ba, ƙyalle ne mai kusurwa huɗu yake naɗe ƙafarsa da shi, idan gefe ɗaya ya jiƙe sai ya kwance ya juya busasshen gefen zuwa yatsu. Wanda bai iya naɗin ba zai samu kanta da borori kafin azahar, don haka a koya wa sababbi tun a gida.

Ka tanadi tanti mai ɗumi kusa da fili, da barguna, da shayi mai zafi da sukari wanda ba ya yankewa, da abinci mai zafi, da motar asibiti wadda aka share mata hanya daga dusar ƙanƙara. Ka riƙa duba hanci da kunnuwa da kumatu da yatsu, duk inda ka ga fata ta yi fari ko toka-toka ta ƙandare, a kai mutum ɗumi, kuma kada ka yarda a goge wurin da ƙanƙara kamar yadda wasu suke yi, domin yana ƙara lalata naman. Za ka gamu da masu cewa barasa tana maganin sanyi. Ka tsaya da ƙafarka a hana ta gaba ɗaya, domin buɗe jijiyoyin fata take yi zafin jiki ya ƙara fita, ga kuma hatsarin bindiga a hannun wanda ya sha. Idan za a kwana a tanti ko a rami mai murhu, a sa mai gadi yana farke duk dare, a bar kafar iska, saboda gubar hayaƙin gawayi ba ta da wari kuma tana kashe mutum yana barci. A ƙarshe, ku amince tun yanzu a kan ma'aunin sanyi da ƙarfin iskar da idan aka kai su za a ɗage wasan, a rubuta, a kuma ba ka ikon tsayar da shi ba tare da jiran yardar kwamandoji ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga bidiyon irin wannan wasa a Facebook, sai abin ya dame ni. Yaya mutanen da aka kashe wa kakanni za su sa kakin waɗanda suka kashe su? Shin wannan ba ɗaukaka 'yan Nazi ba ne? Kuma na ga har da mata a cikin filin. Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Barka kadai, Malama. Damuwarki tana da tushe, kuma ni ma ina tare da ke a kanta, domin Tarayyar Sobiyet ta rasa mutane kimanin miliyan 27 a wannan yaƙi, a Leningrad kuwa rabon burodin yara da marasa aiki ya sauka har zuwa giram 125 a rana a ƙarshen 1941. Ba za a iya nuna yaƙi da ɓangare guda ba, dole wani ya tsaya a gefen Jamus, amma masu shiryawa na ƙwarai suna ɗaure wannan gefe da sharuɗɗa masu tsauri: babu gaisuwar ɗaga hannu irin ta Nazi, babu taken jam'iyyarsu, babu yawo da kakin a cikin gari ko ɗaukar hoton nishaɗi da shi a gaban kaburbura, kuma duk wanda aka ga aƙidar ce ta kawo shi a sallame shi. Doka ma ba ta yi shiru ba. A Jamus sashe na 86a na dokar manyan laifuka ya haramta nuna tambarin Nazi a bainar jama'a sai don abubuwa irin su ilimi da bincike da fasaha, Rasha ma tana hukunta nuna shi, shi ya sa za ki ga wasu sun rufe tambarin da ƙyalle ko sun cire shi daga hula da ƙirji.

Matan da kika gani kuwa suna kan tarihi. Kimanin mata 800,000 ne suka yi aiki a rundunar Sobiyet, da yawansu ma'aikatan jinya ne da masu sadarwa, wasu matuƙa jiragen sama, wasu kuma gwanayen harbi daga nesa irin su Lyudmila Pavlichenko, wadda aka lissafa cewa ta kashe mutum 309. A gefen Jamus ba a sa mata a sahun masu harbi ba, don haka a can za ki gan su ne a shigar jinya ko ta sadarwa, a bayan fage.