Girki a ɗakin otal da butar lantarki kawai

Ɗan'uwa, ka ce butar lantarki da ƙaramin firiji kaɗai ke ɗakin da ka sauka, me za ka ci? Wallahi sun ishe ka.

Nemi kuskus. Zuba shi a kwano mai murfi, ka kwara tafasasshen ruwa ya ɗan sha kansa, ka rufe minti 5. Sai ka barbaɗa yaji, ka yanka albasa, ka juye kifin gwangwani da mansa. Ni na fi son wannan a kan Indomie, ya fi riƙe ciki.

Kwaɗon garin rogo da ƙuli-ƙuli kuwa ko wuta ba ya buƙata. Da safe ka dama kunu, ka haɗa da burodi.

Amma don Allah kada ka dafa taliya cikin butar, maiƙo yana ɓata ta. Risho kuma sai da izinin masu otal.